HUKUNCIN "JE KA KA DAWO" A OFISHIN ƘARAMAR HUKUMA

  

A makon jiya mun yi wa masu karatu alkawarin ci gaba da bayanin zakkar dukiyar ciniki, sai ga wata wasiƙa ta iso mana daga wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, wadda muka ga bai kamata ta kwana a kan teburinmu ba, tun da yake kukan da take ɗauke da shi kukan kwanan takarda ne a kan tebur. Saboda haka muna neman ahuwa daga waɗanda ke jiran maganar zakka.

Wannan bawan Allah ya ce shekara ashirin da ɗoriya yana zaune a rumfa guda a kasuwar garinsu, bai taɓa fashin biyan kuɗin rumfa ba, kuma rasit ɗinsa duk suna nan a ajiye. Da Ƙaramar Hukuma ta rushe layinsu don ta sake ginawa, aka ce kowa zai koma wurinsa. Da aka gama gini aka kafe sunaye, bai ga nasa ba. Sai ya sa aka rubuta masa takarda zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar, yana tambayar abu biyu kawai: wace ƙa'ida aka bi wajen rabon, kuma me ya fitar da sunansa. Wata biyar ke nan. Ya ce ya je sakatariya sau goma sha ɗaya, kowane zuwa kuwa kuɗin mota ne da asarar cinikin yini. Yau a ce Ciyaman ya tafi taro babban birni, gobe a ce fayil yana wurin Sakatare, jibi a ce mai riƙe da makullin ya tafi jana'iza. Daga ƙarshe wani masinja ya ja shi gefe ya ce masa, "Alhaji, ai takarda ba ta da ƙafa." Tambayarsa gare mu ita ce: shin ya halatta ya yi wa takardar ƙafa? Kuma shin akwai laifi a kan mutanen da ba su ce masa a'a ba, shiru kawai suka yi?

Za mu fara da tambaya ta biyu, domin ita ce uwa.

Malaman usulu suna da wata ƙa'ida da kowane ɗalibi ya sani, cewa ba ya halatta a jinkirta bayani har lokacin bukatarsa ya wuce. Malaman fiƙihu kuma suna da wata, cewa ba a jingina wa mai shiru magana, amma shiru a wurin da ake bukatar magana shi ma magana ne. To, in muka ɗora ƙa'idojin nan biyu a kan teburin akawu, abin da zai fito a fili yake. Ma'aikacin da aka kawo wa tambaya a kan aikin da yake karɓar albashi dominsa, ya san amsa ko ya san inda amsa take, sa'an nan ya bar mai tambaya yana kai da kawowa har damina ta wuce, wannan ya riga ya ba da amsa, amsar kuwa ita ce hanawa. Ta ma fi hanawar baki muni. Wanda aka ce wa "ba za ka samu ba, ga dalili," ya san matsayinsa: ko ya ɗaukaka ƙara, ko ya nemi wata rumfa, ko ya haƙura ya kama wata sana'a. Wanda aka bari cikin "je ka ka dawo" kuwa an ɗaure shi ne ba igiya, ba shi da hukuncin da zai ɗaukaka, ba shi da wanda zai kama, kuma wanda ya hana shi yana iya rantsuwa cewa bai taɓa hana shi kome ba.

Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jan lokacin da mawadaci ke yi wajen biyan bashi da sunan zalunci. Asalin hadisin a kan bashin dukiya yake, amma illar da ke cikinsa ita ce riƙe hakkin mutum alhali kana da ikon bayarwa, amsa kuwa hakki ce a wuyan wanda aka naɗa don ya bayar da ita. Abin da ya fi wannan kusa da batunmu shi ne abin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa wani sahabi ya shiga wurin Mu'awiya, Allah Ya yarda da su, ya faɗa masa gargaɗin da ya ji daga Annabi a kan wanda aka ɗora wa wani al'amari na Musulmi sa'an nan ya shamakance kansa daga bukatunsu, cewa za a saka masa da irin aikinsa ranar da shi ma zai zama mai bukata. Masu karatu su lura da abin da Mu'awiya ya yi da jin haka: nan take ya naɗa mutum musamman don bukatun jama'a. Watau ya fahimci cewa wa'azi in ba a mayar da shi tsari ba, da wuri yake hucewa.

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yakan gindaya wa gwamnoninsa sharuɗɗa kafin su tafi, cikinsu har da kada su rufe ƙofa ga masu bukata. Da labari ya zo masa cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi wa gidan mulkinsa ƙofa a Kufa, sai ya aiki Muhammadu ɗan Maslama ya je ya ƙone ƙofar. Sa'adu fa, ɗaya daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma ba a tuhume shi da cin ko dirhami ɗaya ba. Laifin ƙofa ne kaɗai. Daga baya daulolin Musulunci suka kafa abin da ake kira mazalim, watau zaman sauraron ƙarar talakawa a kan ma'aikatan hukuma, wanda Imam Mawardi, da ya rasu a shekarar 450 ta Hijira, ya keɓe wa babi guda a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki. Abin lura a tsarin nan shi ne yana da rana sananniya. Nuruddin Zanki ya gina gida na musamman a Dimashƙa don wannan aiki, yana zama a cikinsa a ranakun da kowa ya sani.

A nan ƙasarmu ma ba baƙon abu ba ne. Shehu Magili, a takardar nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ba abin da ya fi nanatawa kamar haɗarin ɓuyan mai mulki daga talakawansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa, a littafinsa Kitabul Farƙ, da yake lissafa ɗabi'un mulkin da ya soka, ya haɗa da toshe hanyar mabukata, da kuma abin da ake ba mai shigar da mutum wurin sarki. Ashe masinjan da ya ce takarda ba ta da ƙafa yana da kakanni.

Wani zai ce, to Malam, ba an ce gaggawa daga Shaiɗan take ba? Ashe ba gara ma'aikaci ya natsu ya bincika ba? Wannan gaskiya ce, amma an sa ta inda ba wurinta ba. Natsuwa daban, ɗage-ɗage daban. Mai natsuwa yana aiki a kan takardarka, yana iya gaya maka inda ya kai da ranar da zai gama. Mai ɗage-ɗage bai ma buɗe ta ba. Alamar da ke raba su guda ce, ita ce wa'adi. Duk wanda ya ce maka "ka dawo ran Laraba ta sama, kafin nan na ga mai kula da kasuwa," ya sa wa kansa iyaka. Wanda ya ce "ka riƙa leƙowa" bai yi maka alkawarin kome ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan abu biyu ta tsaya game da bashi: a ambaci lokaci, a kuma rubuta. 'Yan kasuwa sun san hikimar wannan fiye da kowa, don sun san yadda bashin da ba rana ba rubutu yake ƙarewa.

Me ya sa muka matsa a kan Ƙaramar Hukuma, alhali ma'aikatun jiha da na tarayya ma ba su tsira daga wannan ciwo ba? Domin ita ce ƙofar da talaka ya fi ƙwanƙwasawa. Gyaran da aka yi a shekarar 1976, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e ya shimfiɗa tsari iri ɗaya a ƙasa duka, hujjarsa ita ce a kawo hukuma kusa da jama'a. Yau akwai Ƙananan Hukumomi 774 a Nijeriya, Jihar Kano kaɗai tana da 44. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sa wa tituna suna da gidaje lamba, da sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. Daga ranar suna har ranar jana'iza mutum bai rabu da ita ba. A da, zamanin En'e, akwai danniya mai yawa wadda dattawa ba su manta ba, ba ma yi mata ado. Amma talaka ya san lokacin da Hakimi ke fitowa zaure, ya san ranar da Sarki ke zama. An kawo ofis kusa, an yi masa bene da katanga, sai ga shi mai ofishin ya ƙaura babban birnin jiha, ba a ganinsa sai ƙarshen wata.

Sa'an nan ba talaka kaɗai ake yi wa shirun ba. Wani tsohon ɗalibinmu da ya taɓa zama kansila ya gaya mana cewa sau uku yana rubuta wa Ciyamansu yana tambayar ina aka kwana kan kuɗin da aka sa a kasafi don gyaran rijiyoyin mazaɓarsa, har wa'adinsu ya ƙare bai ga amsa ba, mutanen ƙauye kuwa shi suke zagi, suna zaton shi ya ci. Wannan ya fi na ɗan kasuwa haɗari, domin kansila ba bakinsa yake magana da shi ba, bakin dubban mutanen da suka wakilta shi ne. Haka dagaci, haka mai unguwa. In wakili ya tambaya aka yi banza da shi, to shawarar da Allah Ya yabi muminai da ita ta zama zaman shan lemo da karɓar alawus.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma naɗa kantomomi a maimakon zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa Tsarin Mulki. Mutane da yawa sun yi murna, mu ma mun yi. Amma muna tunatarwa cewa kuɗi in ya kuɓuta daga hannu ɗaya ya faɗa hannun da ba ya amsa tambaya, sauyin mai ci kawai aka yi.

Abin da yawancin masu karatunmu ba su sani ba shi ne, doka ta riga ta yanka wa'adi. A watan Mayu na shekarar 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Dokar ta ce kowa yana da ikon neman bayani ko kwafin takarda daga ma'aikatar gwamnati, ba tare da an tilasta masa ya faɗi dalilinsa ba. Ma'aikata tana da kwana 7 ta ba da amsa, in aikin yana da yawa ta ƙara kwanakin da ba su wuce 7 ba, tare da sanar da mai nema. In za ta hana, sai ta hana a rubuce, ta faɗi hujja. In ta yi shiru har wa'adi ya cika, doka ta ɗauka ta hana, watau daidai da ƙa'idar malaman fiƙihu da muka ambata, kuma mai nema yana da kwana 30 ya kai ƙara kotu. Wanda aka samu da laifin hanawa ba bisa ƙa'ida ba, tarar Naira 500,000 ce, wanda kuwa ya lalata takarda ko ya sauya ta da gangan, ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani, in ma da baki ya nema, wajibi ne ma'aikacin ya rubuta masa ya ba shi kwafi. An daɗe ana gardama ko dokar ta hau kan jihohi da Ƙananan Hukumominsu, har zuwa watan Afrilu na 2025, lokacin da Kotun Ƙoli, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, ta yanke cewa ta hau kan dukkan matakan gwamnati.

Kada a fahimce mu a baibai. Wannan doka ba za ta ba Alhaji rumfa ba. Abin da za ta ba shi shi ne jerin sunayen waɗanda aka ba, da ƙa'idar da aka ce an bi, da abin da aka rubuta a fayil ɗinsa. Sau da yawa kuwa wannan ya isa, domin rabon da aka yi a duhu ba ya son a kunna fitila. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a shekarar 1975 zamanin Janar Murtala Muhammad, tana da ofis a kowace jiha, ba ta karɓar kuɗi, kuma jinkiri irin wannan yana cikin abin da aka kafa ta dominsa.

Yanzu sai mu juya ga 'yan'uwanmu ma'aikata, waɗanda muka san da yawansu masu tsoron Allah ne, wasu ma a sahun farko muke ganinsu da Asuba. Mun san uzurinku. Mun san akawu ba ya iya amsa wasiƙa sai mai gida ya sa hannu, mai gida kuwa ba ya nan. Mun san akwai ofishin da kuɗin takarda da tawada ma sai ma'aikaci ya cire daga aljihunsa. Mun san ana ɗauke mutum daga wannan Ƙaramar Hukuma a kai shi waccan cikin dare ɗaya, wanda ya gaje shi bai san inda fayil yake ba. Mun kuma san cewa ƙaramin ma'aikacin da ya cika ba da amsa yakan jawo wa kansa baƙin jini. Duk da haka, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ba ka da iko a kansa ba za a tambaye ka ba, amma akwai abin da ke hannunka. Kana iya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin mai kawo takarda. Kana iya shigar da ita cikin rajista ranar da ta zo. Kana iya gaya masa gaskiya cewa wannan ba aikin ofishinmu ba ne, je ka wuri kaza, maimakon ka bar shi ya yi wata uku yana gaishe ka. Faɗin "Ciyaman ba ya nan" alhali yana ciki kuwa ƙarya ce, umurnin na sama ba ya halatta ta.

Ga shugabanni, abin da muke nema bai kai kuɗin tayar mota ɗaya ba. A sa mutum guda, mai suna da ofis sananne, wanda aikinsa karɓar tambayoyi ne da bin sawunsu, kamar yadda Mu'awiya ya yi. A ba Sakatare da shugabannin sassa ikon amsa abin da ya shafe su ba sai an jira sa hannun Ciyaman ba, domin rabin jinkirin daga nan yake tasowa. Ciyaman ya keɓe rana guda a mako, a shelanta ta a kasuwa da masallatan Juma'a, ya zauna a inda tsohuwa mai ƙosai za ta iya isa gare shi ba tare da ɗan rakiya ba. Kansiloli kuma su sa a cikin dokokin zamansu cewa tambayar da aka yi a rubuce tana da kwanaki ƙididdigaggu, kuma a farkon kowane zama Akawun Majalisa ya karanta tambayoyin da wa'adinsu ya cika ba a amsa ba, da sunan sashen da ke riƙe da su. Kunya tana aiki inda wa'azi ya gaza. A jihohin da doka ta ba kansiloli ikon amincewa da kasafin kuɗi, suna da makamin da ya fi wannan: kada su sa hannu a kasafin bana sai an ba su amsar na bara.

Masu tambaya ma suna da nasu. Mun ga wasiƙu da yawa da ake kaiwa ofisoshi, shafi uku na kirari da addu'a, ko shafi uku na zagi, har a gama ba a san abin da ake nema ba. A yi tambaya guda, a fili, cikin ladabi, da kwanan wata da lambar waya. A yi kwafi biyu, kada a baro ofis sai an buga hatimi a kan naka. In abin ya shafi mutane da yawa, ƙungiyar kasuwa ta rubuta da sunanta, a ba kansila da Hakimi kwafi, domin takarda mai shaidu ba ta saurin ɓata.

Saura tambayar Alhaji ta farko. Gaskiya ne wasu malamai sun yi rangwame ga wanda aka tsare wa hakkinsa tabbatacce, bai kuma sami wata hanya ba sai ya bayar da wani abu, suka ce zunubin yana kan mai karɓa. Amma sun yi sharaɗi biyu, kuma ba mu ga sun cika a nan ba. Na farko, ya kasance hanyoyi sun ƙare, alhali Alhaji bai nemi bayani a ƙarƙashin dokar 2011 ba, bai je Hukumar Koke-koke ba, ƙungiyarsu ma ba ta rubuta ba. Na biyu, kada bayarwar ta kai ga cin hakkin wani, rumfa kuwa ƙididdigaggiya ce, in aka shigar da sunanka da kuɗi wataƙila sunan wani marayan aka goge. Daɗin daɗawa, jinkiri shi ne hajar da mai cin hanci yake sayarwa, kowace Naira da aka ba shi kuwa tana ƙara wa wanda ke bayanka a layi tsawon jira. Saboda haka amsarmu ita ce kada ya bayar.

Mun rubuta masa samfurin takardar neman bayani, layi bakwai kacal, mun aika masa, muka ce ya kai ranar Litinin ya karɓo hatimi, ya kuma sanar da mu abin da ya faru bayan kwana 14. Duk abin da ya biyo baya, amsa ko shiru, za mu buga shi a wannan fili. Maganar zakkar dukiyar ciniki kuma sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.